Darasi na Tara

Daga ɗakin malamai,
ƙarshen zangon farko

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Ya aiki, ya masu jego da jariransu? Ya ƙafar nan taki da ke kumbura in kin daɗe a tsaye? Mu nan ƙalau muke, sai maigidan da ya sha fama da haƙori. An cire, ya koma garejinsa yana ba mutane labari kamar wanda ya dawo daga yaƙi. 'Yarki tana gaishe ki. Ta ƙara tsawo ba ta ƙara kauri ba, har yanzu Fensir 'yan ajinsu ke kiranta, kuma tana amsawa.

Na gwada kiranki har na gaji. Wayarki sai kin hau tudu take kamawa, maganar da ke bakina kuwa ba ta "ina jin ki, ba na jin ki" ba ce. Shi ya sa na ba direban motar magani wannan takarda.

Kin san tsarinmu, amma bari in maimaita, don na san kanki ya cika da awon ciki. Ɗan aji biyar yana ɗaukar darussa tara har ya gama aji shida. Takwas dole ne ga 'yan kimiyya, na tara zaɓi ne: ko bayoloji, ko zanen gini. Mai son karatun aikin lafiya sai da bayoloji, mai son ya karanta tsara gine-gine a jami'a sai da zane. Wanda bai cika tara ba, ba shi da takardar kammalawa. Kuma ba a lissafa wa yaro darasi sai ya halarci kashi uku cikin huɗu na shekarar.

To, su biyun lokaci ɗaya ake yin su, safiyar Talata da ta Alhamis. Kada ki tambayi wane marar tausayi ne ya tsara haka, ni ce. Tunda aka ga ina koyar da lissafi aka ɗora mini jadawalin makaranta, wai mai iya raba lamba ai zai iya raba malamai.

Shekaranjiya muna haɗa sakamako, malamar bayoloji ta ce mini, "'Yar gidanki lafiya kuwa? Duk Alhamis ba ta zuwa." Kafin in buɗe baki malamin zane ya ɗago kai daga shayinsa ya ce, "Wa, Fensir? Ai Talata ce ba ta zuwa." Yaya, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ashe tun farkon shekara yarinyar nan ta ba kowannensu sunanta. Talata tana bayoloji, Alhamis tana zane, kowane malami yana zaton ciwo gare ta, har yana tausaya mata.

Da muka koma gida na zaunar da ita a kicin, na ce ta faɗa mini wanda ya koya mata wannan dabara. Ta daɗe tana murza bakin hijabinta, sannan ta ce, "Anti, Umma ta ce bayoloji. Ke kuma kika saya mini akwatin kayan zane. Na ga kamar in na bar ɗaya, ɗayarku na bari." Faɗan da na shirya tun daga makaranta sai na fasa yin sa.

Na yi lissafin. In ta tsaya kan ɗaya kafin hutun rabin zango mai zuwa, ba ta ƙara fashi ba ko da na zazzaɓi, za ta tsallake da ƙyar. In ya wuce nan ta rasa duka biyun, sai maimaita aji biyar.

Ban ce miki ga wanda ya fi ba. Abin da na ji dai zan faɗa: malamin zane ya ce tunda yake koyarwa bai ga hannu irin nata ba. Malamar bayoloji ta ce ba ta da laifi, tana ƙoƙari.

Ƙanwarki,
Malama

*

Daga ɗakin haihuwa,
cikin hutu

Malama,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya. Ƙafa tana nan yadda kika san ta, ba ta fi ba, ba ta ragu ba. A yi wa maigidan sannu, a ce masa na karɓi haihuwar 'yan uku ranar da aka cire masa haƙorin, uwarsu ba ta yi rabin labarinsa ba.

Kin ce ba ki ce ga wanda ya fi ba. Ai kin ce. "Bai ga hannu irin nata ba" a gefe ɗaya, "ba ta da laifi" a ɗaya gefen. Ni ma na yi makaranta.

Ban gane inda matsalar take ba. Jadawali a hannunki yake, ba daga sama aka sauko da shi ba. Ki matsar da ɗaya zuwa Laraba, ta yi duka biyun, kowa ya huta. In kuma ba zai yiwu ba, kin san abin da na faɗa tun ranar da na kawo miki ita. Mai takardar aikin lafiya ba ya zaman gida. Masu zanen gidaje kuwa, ban san ko mutum ɗaya ba da zan kai ta wurinsa in ta gama. Tun rasuwar babanta ba ni da wanda zan jingina da shi, ba na son ita ma ta tashi haka.

Zuwa kam ba zan iya ba. Ni kaɗai ce ungozoma a nan. Wadda aka turo ta taimaka mini ta yi wata biyu ta nemi canji, ban ga laifinta ba. In na sa ƙafa na fita, duk wadda naƙuda ta kama sai dai mai gadi ya karɓe ta. Rabona da hutu har na manta yadda ake neman sa.

Na ba ki amanarta. Ki yi mata abin da za ki yi wa 'yar cikinki.

Yayarki

*

Daga gida,
farkon zango na biyu

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. An koma makaranta, 'yarki ta ɗan yi mura ta warke.

Zan fara da layinki na ƙarshe, don shi ya hana ni amsa miki da wuri. Kin san ba ni da 'yar ciki, dangi kaf sun sani, ba sai an tuna mini a takarda ba. Kakata da kakarki ne suka haɗa uwa, ba abin da ya wajabta mini riƙon yarinyar nan. Ni na roƙe ki ki ba ni ita, don makarantarmu ta fi kusa da abin da take so. In kina ganin na juya mata kai ne saboda ba ni na haife ta ba, ki faɗa a fili. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba.

Yanzu jadawali, tunda kina ganin kamar kujera ce in ja ta gefe. Malamin zane ba namu ba ne, aro ne daga makarantar koyon sana'a ta ƙetaren gada. Safiya biyu kawai suke ba mu shi, kafin azahar dole ya koma. Shi kuwa bayoloji, madubanmu na ganin ƙwayoyin halitta tsofaffi ne, da hasken rana suke aiki, rana kuwa da safe kawai take shiga tagar ɗakin gwaje-gwaje kafin ta haye bayan ginin ofis. Ɗakin guda ɗaya ne. Litinin kemistiri, Laraba fizis, Juma'a 'yan aji shida masu shirin jarrabawa. Na yanka kwalaye, na rubuta kowane darasi a kai, na baje su a tsakar ɗakina tun farkon hutu. Duk wanda na taɓa sai wani aji ya wayi gari ba malamin Turanci. Maigidan har tsallake su yake yi in zai shiga wanka.

Duk da haka na je wurin shugaban makaranta. Ya saurare ni har ƙarshe, mutumin kirki ne, sannan ya ce, "Malama, in na girgiza makaranta guda saboda 'yar gidanki, da wane ido zan kalli sauran iyaye?" Na ce to a bar ni in zaɓar mata. Ya ce a'a, tunda abin ya kai ga soke suna daga darasi, sai uwa ta zo, ko ta rubuto da hannunta ta sa hannu. Wai a takardunsu ni mai masauki ce. Kin ga ku biyu kun haɗu a kan magana ɗaya.

Kafin ki rubuto, ba wanda ya isa ya cire ta daga ko'ina, don haka tana nan tana rabinta. Safiyar Talata na tsaya a baranda ina kallonta. Ƙofar ɗakin gwaje-gwaje da ta ɗakin zane suna kallon juna, ta zo tsakiya ta tsaya da jakarta har aka buga ƙararrawa, sannan ta shiga bayoloji kanta a ƙasa. Abinci ma yanzu sai na tsaya a kanta.

Na tambaye ta, ita me take so. Ta ce, "Duk abin da Umma ta rubuto." Na ce ba Umma na tambaya ba. Ta ce, "Anti, in na faɗa ai ya zama na faɗa."

Ki rubuto wa shugaba. Layi biyu ya isa. Ko me kika zaɓa, da hannuna zan kai.

Malama

*

Daga ɗakin malamai

Yaya,

Ina fata lafiya. Mu dai lafiyar jiki muna da ita.

Motar magani ta zo ta koma, ban ga direban ba, ban ga takarda ba. Na kira, ba ta shiga. In fushi kike da ni kan abin da na rubuta, ki yi fushinki, ina da wuyan ɗauka, amma kada ki haɗa da yarinya. Hutun rabin zango ya kusa, har an liƙa sanarwa a allo. Malamar bayoloji ta daina gaishe ni da fara'a, malamin zane kuwa duk Alhamis sai ya tare ni a bakin ƙofa ya nuna mini aikinta, kamar ni ce na hana.

'Yarki duk yamma sai ta tambaye ni ko mota ta zo. Na gaji da ce mata gobe.

Malama

*

Daga ɗakin haihuwa

Ƙanwata,

Lafiya lau nake, ki kwantar da hankalinki. Takardunki biyu rana ɗaya suka iso. Direbanmu ne ya kwanta asibiti, wanda ya karɓe shi kuma ya jefa ta farkon cikin kwalin safar hannu, sai da muka buɗe kwalin muka gan ta. Na hau tudu in kira ki, na tarar da ke a aji, na dawo na tarar da mai naƙuda.

Wallahi abin da kika karanta ba shi na rubuta ba. Ina tsaye na rubuta layin nan, wata tana kirana daga gado. Abin da nake nufi shi ne na yarda da ke kamar yadda na yarda da kaina. Kin fi ni sanin girman takalminta yanzu. Ki yafe mini, ni ma da na karanta taki sai da na shiga ɗakin magani na rufe ƙofa.

Bari in ba ki wani labari. An gama mana sabon ɗakin haihuwa, an yi fenti, manya sun zo sun buɗe. Ranar farko muka turo gadon mara lafiya, ya ƙi shiga. Ƙofar ta yi ƙanƙanta, kuma lungun da ke gabanta ba ya barin gado ya juya. Yanzu a hannu muke ɗaukar mata, ni da mai shara, daga baranda zuwa ciki. Ina cikin ɗaukar wata na tuna, lokacin da yarinyar ta zo mini hutu bara ana aza tubali, ta tsaya ta ce, "Umma, gado ba zai juya a nan ba." Na ce ta rufe mini baki, injiniyoyi masu hular kwano sun fi ta sani. Kullum bayana ya yi ciwo sai na tuna da ita.

Na zauna zan rubuta wa shugaba, na rubuta bayoloji, na yaga. Na rubuta zane, hannuna ya ƙi sa hannu. Tsorona bai tafi ba, ƙanwata. Na san hanyar da na bi, da duhunta da ramukanta, in ta biyo ni zan iya riƙe mata hannu. Waccan hanyar ban san ko'ina a cikinta ba. Amma ban ga dalilin da zai sa tsorona ya zama darasinta na tara ba.

Ga takardar nan a ciki. Na rubuta komai, na sa hannu, na bar gurbin sunan darasin. Ki ba ta ta cike da hannunta. Kada ki ce mata komai, kada ki tsaya a kanta, kada ki yi mata wannan kallon naki na malamai.

Ki gaishe da maigidan. Zan tsaya nan, an kawo wata a bayan babur, kuma har yanzu ni kaɗai ce.

Yayarki

*

Daga gida,
ranar da aka ba da hutun rabin zango

Yaya,

Alhamdu lillahi da kike lafiya. Mu ma haka. Maganar layin nan ta wuce, ni ma na yi saurin ɗauka, a bar ta.

Takardarki ta iso da sauran kwana biyu. Na yi yadda kika ce. Na ajiye mata a kan teburin karatunta da biro, na ce ga saƙon Ummanki, gurbin naki ne, na fita na kama wankin da bai kai a wanke ba. Kuskure ɗaya na yi, in kuskure ne: ta ce in ba ta wasiƙarki ta gani, na ba ta. Na ɗauka labarin ƙofar zai ƙarfafa mata guiwa. Na jiyo ta ta yi 'yar dariya a wurin.

Da ta fito ta miƙo mini a ninke. Ban buɗe ba sai a ƙofar ofishin shugaba. Bayoloji ta rubuta, Yaya, da wannan kyakkyawan rubutun nata mai kama da na inji.

Na juyo na same ta a bayan ɗakin karatu. Na karya sharaɗinki, na yi magana. Na ce, "Kin gane kuwa an bar miki zaɓi? Ummanki da kanta ta ce kin fi masu hular kwano gani." Ta ce, "Na gane, Anti." Na ce to me ya sa. Ta ce, "Kin taɓa jin Umma ta roƙi wani abu a wurin wani? Ba ta iya ba. Da tana son zane da ta rubuta zane. Wannan gurbin da ta bari, iyakar roƙon da za ta iya ke nan." Na ce ba haka ba ne. Ta ce, "Sau nawa ta rubuta ita kaɗai ce?"

Na ce mata ko ta gama karatun ba lalle a tura ta wurinki ba, kuma shekaru ne masu yawa nan gaba. Ta ce ta sani. Na ce akwai sauran yini guda, ta kwana ta yi tunani. Ta ce in ta kwana za ta canja, shi ya sa take so in kai yanzu. Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi.

Na tsaya a barandar nan da takarda a hannu, na rasa inda zan sa kaina. Biro yana jakata, kalma ɗaya ce, kuma na iya kwaikwayon rubutunta. Amma ke kin ce hannunta, ita kuma ta ce yanzu. Na kai. Shugaba ya buga hatimi, ni kuma a matsayina na mai jadawali na soke sunanta daga ajin zane. An riga an tura sunayen sama, ba a sake taɓa su har jarrabawar fita.

Za ta kammala da 'yan ajinsu in Allah ya yarda, wannan kam ya tabbata. Malamin zane ya karɓi allon zanensa da ta mayar, ya duba bayansa ya duba gabansa kamar yana neman inda ya fashe. Ita kuwa ta ci abinci sosai yau, har ta ƙara. Ban san ko in yi murna da wannan ba.

Ki rubuto mata, ki ce mata ba roƙo ba ne. Ba zai canja komai ba, amma ta sani.

Ƙanwarki,
Malama

*

Daga ɗakin haihuwa

Ƙanwata,

Na samu takardarki. Jiki da sauƙi, ƙafa ce dai. A gaishe da mutanen gida. Kada ki zargi kanki kan ba ta wasiƙar, ko ba ki ba ta ba ta san abin da ke ciki.

Kin ce in rubuto mata in ce ba roƙo ba ne. Na ɗauki biro tun jiya. Da zuciya ɗaya na bar gurbin nan, Allah ya sani, kuma da ta rubuta zane da na sa mata albarka. Haka na yi niyyar rubuta mata.

Sai dai ina tsaye a baranda na buɗe takardarki, idona ya faɗa kan kalmar da ta zaɓa kafin in karanta sauran. Ƙanwata, daɗi na ji. Kafin kunya, kafin tausayi, kafin komai, wani sanyi ne ya sauko mini har ƙafa, na ce alhamdu lillahi a fili, har mai shara ta tambaye ni ko albishir ne. Sai da na kai ƙarshen takardar na zauna.

Don haka ba zan iya rubuta mata abin da kika ce ba. Ban taɓa yi mata ƙarya ba, kuma ta fi ni iya karanta ni. Ki saya mata littattafan da malamarsu ta ce, ki sa ido ta riƙa cin abinci. In ta tambaye ki me na ce, ki ce na gode.

Yayarki